Sharhi kan mai fassara rajistar baftisma: ya iya sunaye, ya ɓatar da ni a kan watanni

Uwargidata 'yar ƙasar Ayilan ce, daga yankin Cork, kuma da yake a gidanmu ba a barin yaro ya tashi bai san asalinsa ba, na ɗauki alkawarin rubuta wa 'ya'yanmu salsalar dangin uwarsu kamar yadda na rubuta musu tawa. Hotunan rajistocin cocin Katolika suna nan kyauta tun 2015, lokacin da Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke Dublin ya ɗora su a intanet, sai dai shafukan da nake buƙata da harshen Latin limaman coci suka rubuta su, suna gutsure kalmomi yadda suka ga dama. Wannan ne ya sa na biya wani mai fassara da ake yawan tallarsa ga masu neman asali, na aika masa shafuka tara.

Da farko na ji daɗin aikinsa matuƙa. Shi ne ya fahimtar da ni cewa Jacobus a rajistar Ayilan galibi James ake nufi, kuma idan an rubuta Jacobi to sunan uba ne, ma'ana ɗan James, domin ƙarshen suna a Latin yana sauyawa gwargwadon matsayinsa a jimla. Ya bayyana mini cewa sp. gajercen sponsores ne, wato iyayen baftisma, sannan sub conditione na nufin an yi baftismar bisa sharaɗi saboda ana shakkar ko an riga an yi wa jaririn a gida. Har na yabe shi a gaban surukata.

Sai dai shafi guda ya rushe wannan yabo. A rajistar 1866 an rubuta cewa an yi wa James, kakan kakan uwargidata, baftisma ranar 12 7bris, shi kuwa ya fassara mini shi da 12 ga Yuli, wai wata na bakwai. Da yake gwamnati ta fara rajistar haihuwa a Ayilan a 1864, na shiga neman yaron da aka haifa a Yuli, na kuwa sami wani James mai sunan dangi iri ɗaya, uwarsa ita ma Mary, kuma tawada ta cinye sunan gidan iyayen uwar a shafin cocin. Makonni uku na yi ina bin zuriyar mutanen da ba mu haɗa komai da su ba, har na karanta wa yara sunayensu. Ranar da na koma kan hoton shafin da kaina ne na lura cewa layukan da ke sama an rubuta musu Augusti, na ƙasa kuma 8bris, don haka babu yadda Yuli zai faɗo a tsakaninsu. Ashe 7bris Satumba ne, daga septem, wato bakwai, domin tsohuwar kalandar Rumawa daga Maris take farawa. Haka 8bris Oktoba, 9bris Nuwamba, Xbris kuma Disamba.

Da na rubuta masa, ya gyara cikin kwana biyu, ya ce tuntuɓen alƙalami ne, kuma na so in yarda da shi. Amma da na bi sauran shafukan ɗaya bayan ɗaya, na tarar a wani wurin ya mayar da Xbris Oktoba, abin da ya nuna mini cewa ƙa'idar ce gaba ɗaya bai sani ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin mutumin da ke karɓar kuɗi a kan rajistar baftisma bai kamata ya jahilci ranar da aka yi ta ba, kuma ko haƙuri bai ba ni ba, balle a yi maganar mayar da wani abu. Akwai shafukan aure huɗu da na yi niyyar aika masa a wannan watan, amma na fasa, zan zauna da ƙamus in karanta su da kaina.