Film Look Creator a ranar Damagaram: launinsa ya ci kuɗinsa, tsakinsa sai da lura

Tun da kamfanin Blackmagic Design ya fitar da DaVinci Resolve 19 a 2024, masu gyaran launin bidiyo suka samu wani kayan aiki a ciki mai suna Film Look Creator. Aikinsa ya ɗauki hoton kyamarar zamani, mai tsabta ƙal kamar gilashi, ya ba shi kamannin fim na faifai irin na silima: launi mai nauyi, haske mai laushi, da ɗan tsaki-tsakin nan da ke motsi a jikin hoto. Yana cikin Resolve Studio ne, wanda ake saye dalar Amurka 295, wato sama da jika 160 gwargwadon canjin rana. Biya ɗaya ne, ba na wata-wata ba, kuma lambar tana buɗe kwamfuta biyu. A Resolve na kyauta za ka iya ɗora shi ka gani, amma tambarin kamfani zai zauna a kan hoton.

Ga mai ɗaukar biki, suna ko hawan Sallah a Damagaram, ɓangaren launi ya cancanci kuɗin. Sauran kayan adon da ke ciki kuwa, rabinsu kashewa za ka yi.

Abu na farko da za ka lura shi ne babu sunan wani fim na gaskiya a ciki. Ba za ka ga Kodak Vision3 250D na hasken rana ba, ko 500T na hasken fitila. Sunaye ne irin su Rochester da Akasaka, kuma alamar a fili take: Rochester garin Kodak ne a Amurka, Akasaka kuma unguwar da hedikwatar Fujifilm take a Tokyo. Wanda yake son ya zaɓi fim da sunansa da lambarsa, Dehancer ko FilmConvert Nitrate zai nema, da kuɗinsu daban. A aikinmu na nan wannan ba rashi ba ne sosai. Uwar amarya ba za ta tambayi lambar fim ba, fuskar ɗiyarta za ta duba.

Inda mafi yawan mutane ke faɗuwa shi ne wajen ciyar da shi. Kayan yana lissafi ne bisa nau'in launin da yake zaton an ba shi. Ka ba shi hoton S-Log3, wato log ɗin Sony, hoto mai dishi-dishi da kyamara ke ɗauka don a gyara launinsa daga baya, alhali yana zaton Rec.709 ne, launin talabijin na yau da kullum, sai hoto ya fito fari-fari kamar an wanke atamfa sau ɗari. Ka yi akasin haka, inuwa ta toshe baƙi ƙirin, fuskoki su ƙone. Mutum sai ya ce kayan ba su da kyau, alhali shi ne ya zuba fetur a injin gas.

Jerin da ke aiki ba tare da gardama ba nod shida ne, wato akwatunan gyara da ake jerawa ɗaya bayan ɗaya a shafin launi na Resolve. Na farko rage yashin kyamara, ɗigo-ɗigon nan da ke fitowa a hoto mai duhu, idan hoton dare ne. Na biyu Color Space Transform, mai juya hoto daga wani nau'in launi zuwa wani, ka shigar da abin da kyamara ta ɗauka, misali S-Gamut3.Cine da S-Log3 ga Sony, ka fitar zuwa DaVinci Wide Gamut da DaVinci Intermediate. Na uku daidaita haske da farin hoto. Na huɗu gyaran fuska idan da bukata. Na biyar Film Look Creator, ka buɗe Color Space Overrides ka tabbatar shiga da fita duk suna kan DaVinci Wide Gamut da Intermediate. Na shida wani Color Space Transform da zai sauko da komai zuwa Rec.709, gama 2.4. Idan kyamararka ba ta ɗaukar log, irin tsofaffin Canon da suka cika gari, a nod na biyu Rec.709 za ka shigar. Idan kuma an haɗo maka hoton iPhone da aka ɗauka da HDR a kunne, Rec.2020 ne da HLG. Ka manta da wannan, fararen kaya su yi ta walƙiya babu zare ko ɗaya a jikinsu. Nod na biyar da na shida kada ka maimaita su a kowane yanki. Ka tara yankunan cikin rukuni ɗaya ka ɗora su a bayan rukunin, don in ka taɓa abu guda ya shafi aikin duka.

Tun wajen ɗauka ake cin rabin yaƙin. Wutar lantarkinmu mai hertz 50 ce, saboda haka hoto 25 a daƙiƙa da shata 1/50, in ba haka ba fitilun zauren biki su riƙa kyaftawa. Da tsakar rana a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, kyamarar da log ɗinta ke farawa daga ISO 800 ba za ta riƙe 1/50 ba sai da baƙin gilashin ND. ND64, mai rage matakai 6, zai ajiye ka wajen f/8, ko f/5.6 idan ka ƙara mataki ɗaya na haske don inuwa ta fito da tsabta. Wanda ya ɗaga shata zuwa 1/2000 don ya tsere wa rana, dawakinsa za su riƙa tsalle tsinke-tsinke, kuma babu wani kayan launi da zai mayar da wannan motsi na silima.

Abin da ya fi burgewa a cikin Film Look Creator shi ne madannin Subtractive Sat. A bidiyo na yau da kullum, in ka ƙara ƙarfin launi sai launin ya ƙara haske, ja ya koma kamar fitilar bayan mota. A fim kuwa launi rini ne a jikin faifai, yawan rinin yana tare haske, don haka launi mai ƙarfi duhu yake ƙarawa. Wannan madanni haka yake yi. Ka gwada shi a kan jajayen rawunan dogarai cikin rana: kafin a taɓa, jan ya cika ya batse, ninkin rawani ya ɓace, ka ɗaga shi kaɗan, sai jan ya zauna, ya yi nauyi kamar barkonon da ya bushe, ninki ya dawo ɗaya bayan ɗaya. Haka yake yi wa koren atamfa da shuɗin shadda. Wannan kaɗai aiki ne da a da sai ka yanka kowane launi daban ka rage haskensa da hannu.

Amma wuƙar da ta yanka nama ita ce ke yanka yatsa. Baƙar fata ma launi ce, ruwan ƙasa mai ja a ciki, kuma tun asali tana ƙasa-ƙasa a ma'aunin haske. Duk abin da ka ƙara wa rawani, fuska ma ta samu rabonta: ta ƙara duhu, ta karkata ja. Saitunan da kayan ke zuwa da su sun yi wa fatarmu nauyi, musamman mutumin da ke ƙarƙashin rumfa da rana a bayansa. Maganin ba a ido yake ba, don allon kwamfutar tafi-da-gidanka maƙaryaci ne. Ka buɗe ma'aunin haske mai 0 zuwa 1023, ka ga goshi da kumatu sun zauna wajen 300 zuwa 450 gwargwadon hasken mutum. In sun faɗi ƙasa da haka, ka koma nod na uku ka ɗaga, kada ka ɗaga bayan kayan. Sannan ka kunna layin fata a ma'aunin launi mai da'ira, ka motsa Skin Bias kaɗan-kaɗan har fuskar ta hau layin. Color Blend ma ka sauke shi zuwa wajen rabi ko kashi biyu cikin uku. Amaryar da aka yi wa kwalliya mai haske a fuska, wuya da hannu kuma na asali, ita ce jarrabawa ta gaske. Kayan yana ƙara fito da bambancin, sai ka yi wa fuskar taga, wato ka zagaye ta ita kaɗai, a nod na huɗu ka rage mata.

Split Tone, mai sa haske ya yi ɗumi inuwa ta yi sanyi, a bar shi ƙasa ƙwarai. Garinmu ya riga ya yi ɗumi da kansa. Katangun Birni, yashin titi, hazon hunturu, duk ruwan ƙasa ne. Ka ƙara masa ruwan lemo, mutum da bango su zama abu ɗaya. A hoton hazo ma Fade ba shi da wurin zama, don ƙura ta riga ta ɗaga baƙin hoton.

Sai jan zobe, wanda suka rubuta Halation. A fim na gaske haske mai ƙarfi yana ratsa faifai, ya bugi bayansa ya dawo, ya taɓa shimfiɗar da ke karɓar ja tunda ita ce ta ƙasa, sai a ga ja-ja a gefen abu mai haske. Da dare yana da kyau ƙwarai: fitilar mai shayi, fitilun babura a jerin kai amarya, wutar mai tsire. Da rana a taron da kowa ya sa farar shadda mai sheƙi, bala'i ne. Kowace babbar riga sai ta yi jan baki kamar an zana ta da alli, har ya zubo kan wuyan mai ita. Ka rage shi zuwa inda sai ka kashe ka kunna kafin ka san yana nan, ko ka kashe shi ɗungurungum a yankunan rana. Bloom ya fi shi ladabi, ɗan kaɗan yana tausasa ƙyallin duwatsun leshi.

Tsakin shi ne abin da ake ta magana a kai, kuma a kan allon gyara yana da kyau. Akwai na 8, 16, 35 da 65, bisa faɗin faifai a milimita. Ƙaramin faifai, babban tsaki. Ya bambanta da yashin kyamara. Yashi a inuwa yake taruwa, da ɗigon ja da kore. Tsakin fim ya fi fitowa a tsaka-tsakin haske. Shi ya sa ba a zuba tsaki a kan yashi: hoton dare na ISO 6400 a fara wanke shi a nod na farko, sannan a sa tsaki ya rufe santsin roba da wankin ya bari. Yana da wani amfanin ga masu kyamara mai bit 8, wadda matakan haskenta 256 ne kacal a kowane launi, ba 1024 na bit 10 ba. Sararin sama na magariba a irin wannan hoto yakan yi layi-layi kamar matakala, ɗan tsaki yana wargaza layukan.

Matsalar tana hanyar isar da aiki. Tsaki yana canzawa a kowane hoto, shi kuwa matsin bidiyo yana rayuwa ne da abin da bai canza ba. WhatsApp, Facebook da TikTok duk suna sake matse abin da aka ɗora musu. Ko dai su goge tsakin, ka yi wahalar banza, ko su kashe ɗan ƙarfin da suke da shi a kansa, fuska ta koma dabbare-dabbare, bango ya riƙa numfashi. Tsaki mai laushi na 65 shi ne farkon mutuwa. Saboda haka fitarwa biyu za ka yi. Ta waya, babu tsaki sam, launi kawai. Ta kile ko YouTube, tsakin 35 da ɗan ƙarin girma, ka rage launinsa, ka fitar da H.264 a wajen megabit 20 zuwa 25 a daƙiƙa ga 1080. YouTube megabit 8 yake ba da shawara ga 1080, wanda bai isa riƙe tsaki ba. Fitar da aikin a 4K kafin ɗorawa yana sa ya ba shi matsi mai sauƙi. Wanda ya nace sai ta WhatsApp, a tura masa a matsayin takarda, ba a matsayin bidiyo ba, yana ɗaukar har giga 2 ba tare da ya taɓa shi ba. A tuna kuma megabit 20 na nufin wajen giga 9 a awa ɗaya, kile mai tsarin FAT32 kuwa ba ya karɓar fayil da ya kai giga 4. Wasu talabijin ba sa karanta exFAT, don haka a yanka bikin kashi-kashi, kowanne kada ya wuce minti 20.

Flicker da Gate Weave, masu sa haske kyaftawa da hoto rawa, a kashe. Mai biki zai ce janareta ne ya yi wasa ko hannunka ne ke karkarwa. Film Gate mai faɗin 2.39 kuma yana sare ɗaurin kallabi da saman rawani, sai in tun wajen ɗauka ka bar musu wuri.

Film Look Creator yana da nauyi. Kwamfutar da ba ta kai giga 16 na RAM da katin hoto mai giga 4 ba za ta riƙa tsayawa, balle a zafin Afrilu da Mayu da injin ke rage gudu don kansa. Ka yi yanka da nod ɗin a kashe, Ctrl da D, ka kunna Render Cache a kan Smart, ka hure ƙurar fanka.

Wanda jika 160 ta yi masa yawa, akwai hanya a Resolve na kyauta. Cikin jakar Film Looks akwai LUT, wato shiryayyen launi da ake ɗora wa hoto, na Kodak 2383 da Fujifilm 3513DI, fina-finan da ake buga kwafin silima a kansu, kowanne da D55, D60 da D65. D55 ya fi ɗumi, D65 ya fi barin farar riga fara. Sharaɗinsu a ba su Cineon Film Log: Color Space Transform ya fitar da Rec.709 da gamar Cineon Film Log, LUT ya biyo baya, kuma kada a ƙara wani juyi bayansa. 2383 yana danne inuwa da ƙarfi fiye da Film Look Creator, kuma ba shi da madannin fata, don haka a rage tazarar haske da duhu kafin LUT, a ɗaga fuska tun can. Tsaki kuma a samo bidiyon tsaki mai launin toka, a shimfiɗa shi a layin sama, a sa haɗinsa a Overlay, ƙarfinsa tsakanin kashi 20 da 35 cikin ɗari. Idan bidiyon tsakin gajere ne, a juya wasu kwafin ta baya ko a kife su kafin a jera, don ido yana saurin gane tsakin da ke maimaita kansa kowane daƙiƙa goma.