Silo a CapCut ko a DaVinci: wanne ya fi?

Ƙanena, ka ce ka ɗauki bidiyon wajen liƙi a dinar yayarka da waya, ka yi masa silo, wato ka rage gudunsa zuwa kwata a CapCut, sai hoton ya riƙa cijewa kamar tirela a Hawan Kibo. Kana tambaya ko komawa DaVinci Resolve a kwamfuta zai gyara. Da duka manhajojin gyaran bidiyon biyu nake cin abinci a nan Jos, don haka bari in ajiye maka su gefe da gefe.

Amma mu fara da wayar taka. Bidiyo hotuna ne a jere, galibin wayoyi kuma firam 30 suke ɗauka a daƙiƙa in ba ka canza ba. Da ka mayar da gudun kwata, kowace daƙiƙa ba ta samun ko firam 8 na gaskiya. Tuwon mutum ɗaya ka raba wa mutum huɗu. Abin da ya rage wa manhaja uku ne: ta maimaita firam ɗin, ta cakuɗa biyu su yi dishi-dishi, ko ta ƙirƙiro sabo a tsakani, wanda ake ce wa oftikal fulo.

CapCut na da wannan na ukun, a wajen gudu akwai zaɓin santsi. Dannawa ɗaya ne, ka jira kaɗan, shi ke nan. Inda ya burge ni kuwa shi ne lanƙwasar gudu: amarya ta taho da sauri, ta zo daidai kamara ta yi sanyi, ta sake wucewa. Akwai shiryayyun salo, kana cikin keke daga Terminus zuwa Unguwar Rogo ka gama. Matsalarsa, in ƙirƙirar ta ɓaci ba ka da abin murɗawa. Ko ka karɓa ko ka cire.

A DaVinci ka danna Ctrl da R, ka yanka wuraren da kake so su yi sanyi, ka zaɓi oftikal fulo, sannan ka zaɓi yadda zai bi diddigin motsi, mai sauri ko mai inganci. Duk a DaVinci na kyauta. Mafi kyawun, Speed Warp, yana cikin na kuɗin, wato Studio, Dala 295 biya ɗaya. Sai dai manhajar akwai cin ƙarfi. Laftop mai RAM 4 ko 8 wahalar da kai za ta yi, 16 ake so, da katin hoto mai kyau, ga kuma wuta. Na sha barin aiki yana fita in tafi sallar isha'i, in dawo in tarar an ɗauke.

To a kan liƙi fa? Nan ne duka biyun ke jin kunya. Ƙirƙirar firam na son motsi guda a fili, kamar ango yana tafiya shi kaɗai bayansa bango. Liƙi kuwa ɗari biyar-biyar na tashi ta ko'ina, hannuwa na giftawa, leshi na ƙyalli. Za ka ga takardar kuɗi ta narke a goshin amarya, yatsun ƙawarta sun zama shida. DaVinci zai rage ɓarnar, ba zai kawar da ita ba. A wannan bidiyon naka ka tsaya a rabin gudu, ka kunna santsi, ka zaɓi daƙiƙa 2 ko 3 da ba cunkoso. Ka cire sautin tukuna ka shimfiɗa waƙa a ƙasa, in ba haka ba guɗa za ta koma kukan saniya. In kuma ta WhatsApp aka turo maka, ka nemi na asali ta Xender, don an riga an matse shi.

Biki na gaba ka ɗauka a firam 60 a daƙiƙa, zai ba ka rabin gudu lafiya lau, 120 kuma kwata, ba tare da an ƙirƙiro komai ba. A lokacin CapCut ya ishe ka ga sitatus da TikTok. DaVinci sai ranar da ka fara karɓar kuɗin mutane kana haɗa bikin awa guda.

Ka kiyaye abu ɗaya a cikin hol. Wutar lantarkinmu mai bugu 50 a daƙiƙa ce, fitilu da yawa na ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, ido bai gani amma kamara na gani. Na taɓa ɗaukar kamu a 120 a wani hol da ke titin Bauchi, na dawo gida na tarar da haske na wal-wal tun daga farko har ƙarshe, uwar amarya kuma tana kira. Tun ranar in a cikin gini ne 50 ko 100 nake sa wa. In kamarar wayarka ba ta da su, manhajar Blackmagic Camera kyauta ce, duba ko tana hawa wayar taka.