Na yi hunturu a cikin jirgin ruwa a Gran Canaria: ga abin da na tarar

Ɗan wana da ke aiki a Holan, irin aikin nan na kwamfuta da ake yi daga ko'ina, shi ya kama hayar jirgin na tsawon lokacin sanyi, ya kira ni ya ce, "Baba, ka zo ka huta, ka sha iskar teku." Na je, kuma tun da na dawo Katsina 'yan majalisarmu ke tambayata ko abin ya kai a kashe masa kuɗi. Wurin kwana ne mai rangwame idan aka gwada da otal a wannan yanki, amma duk wanda ya tafi da niyyar miƙe ƙafa a yi masa hidima zai sha mamaki.

Gran Canaria ɗaya ne daga tsibiran Kanari. Mallakin Sifen ne, ko da yake sun fi kusa da gaɓar Maroko nesa ba kusa ba, agogonsu ma a hunturu awa ɗaya yake bayan namu. Jirginmu mai tafiya da iska ne, tsawonsa mita 12, a ɗaure a wata marina ta kudancin tsibirin, wato tashar ƙananan jiragen ruwa inda ake biyan kuɗin wuri gwargwadon girman jirgi, a ja maka wuta da ruwa daga gadar katakon da ake takawa. Kudu aka fi so saboda duwatsun tsakiyar tsibirin, masu tsayin kusan mita 2,000, suna tare gajimaren da iskar arewa maso gabas ke kwasowa, sai rana ta wadata a can.

Turawa na kiran wurin mai ɗumi, kuma ga wanda ya gudo daga ƙanƙara haka ne. Da rana akan samu digiri 20 ko ɗan sama, riga ɗaya ta isa. Abin da ba a faɗa a talla shi ne laima. Mu sanyinmu busasshe ne, ya fasa leɓe, ya tsage kaushi, amma ka shanya riga kafin la'asar ta bushe ƙayau. Can kuwa da dare numfashin mutum biyu da tururin girki sai su taru a jikin tagogi da rufi, da asuba ka ji ɗigo a goshi. Katifa sai an ɗaga ta kullum ta sha iska, in ba haka ba ƙasanta ya jiƙe. Babbar rigata ta shadda da na ninke na ajiye don Juma'a, da na ɗauko ta fumfuna ta yi mata ɗige-ɗige a wuya. Mai jirgin ya rubuta cewa akwai na'urar tsotse danshi. Akwai ta kam, sai dai ba ta tashi, kuma har muka bar wurin alkawarin gyara yake ta turowa a waya. Dole yaron ya saya mana ƙarama da kuɗinsa.

Maganar ruwa ba ta dame ni ba. Tankin jirgin ƙarami ne, sai a jona tiyo a cika shi in ya yi ƙasa, kuma maƙwabtanmu na ta yi mini bayanin yadda ake tattali. Wanda ya taɓa jiran 'yan garuwa a watan Afrilu ba a koya masa wanka da rabin bokiti. Banɗakin ne ya so ya gagare ni. Ɗan akurki ne da gwiwa ke taɓa ƙofa in an zauna, ana kore shi da famfon hannu mai jawo ruwan teku, a yi ta bugawa har bututu ya wanke, kuma ba a jefa takarda ko kaɗan. A nan butata ta fi duk wata dabarar Bature. Yawanci dai banɗakunan marina muke zuwa, masu buɗewa da kati, kuma a gaskiya suna da tsabta da ruwan zafi. Sai dai tafiya ce a kan gada mai motsi, wadda dattijo mai yawan fita da dare zai so ya yi tunani a kanta.

Salla ba ta yi wuya ba tunda jirgin a ɗaure yake gaba da baya, alƙibla na nan gabas ba ta sauyawa. Wuri ne babu. A ciki ba inda mutum biyu za su jera, sai ɗaya ya idar ɗaya ya tayar, ko mu fita bisa gada. Juma'a kuwa bas muke hawa, wadda suke kira guagua, zuwa inda 'yan Maroko da Senegal ke da masallaci, mu biya wurin mahautansu mu sayo naman halal. Kifi ba a magana. Akwai kuma garinsu na soyayyen hatsi, gofio, da nake damawa da madara da safe, ya riƙe ciki har azahar.

Barci ma sai an saba. Igiyoyi na ƙara, balan-balan ɗin da ke raba jirgi da jirgi na gurzar juna, igiyar maƙwabci na dukan dogon ƙarfen jirginsa ƙyal-ƙyal dare farai. Ba na jin jiri a cikin marina, amma in na hau tudu sai in ji ƙasa na lilo.

Abin da ya fi burge ni mutanen ne. Yawancinsu tsofaffi ne da suka yi ritaya suka sayar ko suka ba da hayar gida, kuma babu wanda ba ya gyaran wani abu. Gishirin teku na cin ƙarfe, batir na mutuwa, famfo na yoyo, saboda haka aron sufana da sukurdireba shi ne gaisuwar safiya. Wasu kuma jiran tsallake teku suke. Kowane watan Nuwamba, tun 1986, ayarin jirage da ake kira ARC kan tashi daga Las Palmas, babban birnin tsibirin, zuwa yankin Karibiyan, inda yanzu suke sauka a tsibirin Saint Lucia, tafiyar mil 2,700 na teku, da iskar da matuƙin jirgin ruwan nan Kolumbus ya bi daga waɗannan tsibirai zuwa nahiyar Amurka a 1492. Wani dattijo ɗan Jamus ya nuna mini taswirar hanyar, ya ce in zo mu tafi. Na ce masa iyakar gwanintata dam ɗin Zobe, shi ma daga baki.

Hazonmu ma yana kai musu ziyara. Calima suke ce masa, ƙurar Sahara ce da iska ke kaiwa, wadda a Fabrairun 2020 ta sa aka rufe filayen jiragen saman tsibiran. Ranar da ta sauko sararin ya yi jawur, maƙwabta suka ɗaura takunkumi suna wanke jirage, ni kuwa ranar kayana suka fara bushewa yadda ya kamata.

Akwai abin da ya hana ni sakin jiki gaba ɗaya. A wannan gaɓar ta kudu tashar Arguineguín take, inda masu ceto ke sauke 'yan'uwanmu da suka taso daga Senegal da Muritaniya cikin kwale-kwalen katako. Fiye da mutum 46,000 suka iso tsibiran ta wannan hanya a 2024 kaɗai, ban da waɗanda teku ta riƙe. Da wuya Ba'afirke ya zauna bisa jirgin shaƙatawa yana shan shayi ya manta da hakan.

Ga saurayi ko mata da miji masu ƙarfi a jika, waɗanda ba sa ƙyamar aikin hannu, zan ce su gwada. Mai iyali da ƙananan yara kada ya fara, don taki ɗaya ne tsakanin gada da ruwa, kuma babu zaure balle wurin saukar baƙi. Wanda ya ƙudura, kafin ya biya ko sisi ya nemi mai jirgi ya nuna masa bidiyon na'urar danshi da famfon banɗaki suna aiki, ya kuma samu a rubuce cewa marina ta yarda a kwana a jirgin, don ba kowace ke yarda ba. Ya tuna kuma bizar Schengen, wadda ake shiga Sifen da ita, kwana 90 ce cikin 180, ba ta kai tsawon hunturunsu ba.