Masu fulawar da suka gyara min ƙofar gida kafin damina

Hunturu ya tafi ya bar min ƙofar gida kamar juji. Darbejiyar bakin get tana ta zubar da ganye tun watan Fabrairu, iska ta tattaro ledojin fiya-wata na unguwa ta cusa a kwata, ƙasar fulawoyin kuma ta yi tauri kamar daɓe. Sharar Asabar ɗin ƙarshen wata da muke yi a Kano ba ta wuce share sama-sama. Da Afrilu ya zo ƙarshe, sai na tsaya wurin masu sayar da fulawa a bakin titi, muka daidaita da wani dattijo a kan naira 30,000, har da kwashe shara.

Bakwai ba ta yi ba suka iso, shi da yaransa biyu, da baro da manjagara da shebur da diga da adda. Kwatar suka fara yashewa har sai da siminti ya bayyana, sannan suka kwara ruwa bokiti biyu don su ga ko yana wucewa. Ya wuce sumul.

Inda Baba ya burge ni shi ne aya-aya. Shekara nawa ina yi mata fartanya tana dawowa, ashe saman nake yankewa kawai. Shi kuwa diga ya sa ya juye ƙasar, ya tsuguna yana marmasa ta da hannu yana tsinto 'ya'yan, baƙaƙe ƙanana, saiwa siririya kamar zare ta haɗa wannan da wancan. Ya zuba min su a tafin hannu ya ce, "Alhaji, ka bar guda ɗaya, ruwan fari za ta dawo da danginta." Wannan aikin kaɗai ya cinye musu awa uku a zafin bazara, ba wanda ya yi ƙorafi. Yau sati biyar ke nan, an yi ruwa sau biyu, tsiron da na cire bai kai goma ba.

Matsalar ta zo ne da na tafi sallar azahar. Na dawo na tarar ɗaya daga cikin yaran ya hau lemon tsamina da adda, wai yana rage masa nauyi, ya sare rassan da ke ɗauke da fure. Bana sai dai mu sayi lemo a kasuwa. Takin da suka kawo ma ɗanyen kashin kaji ne, bai ruɓe ba. Kwana uku muna fama da wari da ƙudaje, ƙananan zogalen da uwargida ta dasa kuma ganyensu ya ƙone. Ba ta daina yi min gori ba har yanzu.

Ganyen darbejiyar sun so cinna masa wuta a jikin katanga, na hana, na sa suka binne shi a rami ya zama taki. Sauran sharar ta kwana biyu a bakin titi kafin a-kori-kura ta zo, sai da na kira waya sau uku.

Baɗi in Allah ya kai mu Baba zan sake kira, amma takin ni zan nemo, tsohon kashin shanu, addar kuma a hannuna za ta wuni.