Gargaɗi ga masu ƙaramin janareta da injin feshi: a kula da masu sayar da "haɗaɗɗen mai"

Jama'a, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wata sabuwar damfara ta ɓullo a tsakanin wasu 'yan bumburutu. Za su miƙo maka fetur a gora, ja ko kore, su ce ai sun riga sun haɗa shi da man 2T (man inji da ake gauraya shi da fetur), kai dai ka juye a tanki kawai. Farashin ma sai ka ga ya fi na saye daban-daban sauƙi. Wallahi a yi hattara. Wasu kala kawai suke ɗigawa a fetur, wasu kuma baƙin man da aka juye daga mota a gareji suke tacewa da tsumma su zuba.

Ƙaramin janareta irin Tiger ɗin nan, da injin yankan itace, da injin feshi mai hura iska, duk ba su da wurin zuba baƙin mai. Man da ka gauraya a fetur shi kaɗai ke shafa fistan da ringi da boris. In babu shi, injin zai tashi lafiya lau, har ya fi ƙara, hayaƙi ma babu, kana murna ka samu mai kyau. Nan kuwa fistan na gogar silinda a bushe. Sai dai ka ji ya tsaya cak, ka ja igiya ta ƙi motsi. In kuma tsohon baƙin mai ne, hayaƙi zai turnuƙe gida, fulogi ya yi baƙi ƙirin, salansa ta toshe.

Akwai kuma masu bin gidajen bakanike suna tsintar robobin 2T da suka ƙare, su sake cika su. Duba zoben murfin da kyau: in ya tsinke ko ka ga alamar gam, ajiye musu kayansu. Ga gwaji mai sauƙi: ɗiga haɗin a farar takarda. Fetur zai bushe nan take, mai na gaskiya ya bar tabon maiƙo mai tsabta. Tsohon mai kuwa baƙin tabo yake bari.

Haɗa abinka da kanka. Yawancin injinan nan 50:1 suke so, wato mililita 20 na 2T a lita ɗaya, 100 a lita biyar. Wanda aka rubuta masa 25:1 kuma mililita 40 ne a lita, don haka ka duba jikin tanki ko takardar injin. A daina awo da ido, sirinji na kemis ya isa. Zuba rabin fetur a jarka mai tsabta, sa man, girgiza sosai, sannan ka cike ka sake girgizawa. Kada haɗin ya wuce wata guda a ajiye.