Shagon Gyaran Kwamfuta a Birnin Kebbi da Matsalar Izinin Fayil a Thunderbird

Ni ne mai kula da wasiƙun ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a Argungu, kuma tun da aka kwashe mana bayanai daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwa mai aiki da tsarin Ubuntu, manhajar imel ta Thunderbird ta daina riƙe komai. Duk saitin da na yi da safe, da zarar na rufe ta na sake buɗewa sai in tarar ya ɓace, kalmar sirri kuwa kullum sai ta sake tambayata. Wannan ne ya kai ni wani ƙaramin shago da ke kan titin Ahmadu Bello a Birnin Kebbi.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne matashin da ke gyara a shagon bai taɓa komai ba sai da ya rufe manhajar, ya kwafe jakar .thunderbird gaba ɗaya a filashi. Daga nan ya rubuta ls -l, umarnin da ke nuna fayiloli da masu su, ya juyo mini da allon, ya ɗora yatsa a kan layin prefs.js, fayil ɗin saitin manhajar, inda sunan root, wato babban asusun da ke iko da kwamfutar, ya bayyana a gurbin da ya kamata a ga nawa. Ya ce, “Baba, ɗakin naka ne, amma makullin yana hannun mai gida.” Ashe wanda ya kwashe mana bayanan da sudo, umarnin yin aiki da ikon root, ya yi aikin, mallakar fayilolin ta koma ga root, shi ya sa manhajar ta kasa rubuta komai a cikinsu.

Na gaya masa an ba ni shawarar in sa chmod 777, umarnin da ke buɗe izinin fayil gaba ɗaya, in huta, sai ya ƙi, kuma a nan ne na san na zo wurin mai sani. Ya bayyana mini cewa 4 izinin karantawa ne, 2 na rubutawa, 1 na shiga jaka ko gudanarwa, jimillarsu 7, don haka 777 na nufin kowane mai asusu a kwamfutar zai iya buɗe logins.json da key4.db, waɗanda ke ɗauke da kalmomin sirrinmu, alhali mu uku ne muke amfani da ita. Da umarnin chown -R ya mayar mini da mallakar, da chmod kuma ya sa wa jakunkuna 700, fayiloli kuma 600, wato ni kaɗai ke da izini a kansu. Ko da zan shigar da kalmar sirri, kawar da kansa ya yi.

Shagon yana da nasa naƙasu. Wurin ya yi ƙunci, benci ɗaya ne tak, na kuma daɗe ina jira kafin layi ya zo kaina. Abin da ya fi damuna shi ne ba sa rubuta wa mutum abin da suka gyara, sai da na roƙa kafin ya rubuta mini umarnin biyu a bayan wata takarda. Kuɗin da ya karɓa bai kai na motar da na biya zuwa da komawa ba, kuma mako uku ke nan Thunderbird ba ta sake tambayata kalmar sirri ba.