Motar da ke magana da sauran motoci: me za ka duba kafin ka biya?

Idan dillali ya ce maka motar nan tana magana da sauran motoci a kan hanya, fara tambayarsa da wane yare. Manyan yarukan biyu ne, kuma ba sa jin juna.

Na farko shi ne DSRC, wanda a Turai ake kira ITS-G5. Dangin Wi-Fi ne, yana aiki a zangon 5.9 GHz. Kusan sau goma cikin daƙiƙa ɗaya mota take sanar da inda take, da irin gudun da take yi, da ko direba ya taka birki, ga motocin da ke tazarar mita 300 ko makamancin haka. A ce kana bin bayan tirela, ba ka hango komai a gabanta, sai wata mota can gaba ta ci birki ba zato. Kafin jar fitilar tirelar ta kunnu, allon gabanka ya riga ya yi ƙara. Kyamara ba ta gani ta jikin tirela, ba ta kuma leƙa bayan kwana, amma saƙon rediyo yana kaiwa. Volkswagen ta sa shi a Golf ta takwas da ta fito a 2019.

Na biyu C-V2X ne, wanda ya samo asali daga fasahar wayar salula, aka kuma tsara ƙa'idarsa a 2017. Kada sunan ya ruɗe ka, shi ma yana iya aika saƙo kai tsaye daga mota zuwa mota ko da babu sabis. China ta rungume shi. A Amurka kuwa, hukumar sadarwa ta ƙasar, wato FCC, ta yanke a 2020 cewa za a bar DSRC a koma kan C-V2X, don haka Cadillac CTS ta 2017 mai DSRC ta zama kamar mai sallama a kango. Japan ma da nata tsarin: Toyota tana amfani da zangon 760 MHz tun 2015, wanda motocin Turai ba sa ji.

Akwai hanya ta uku, wato ta intanet. Motocin Volvo, alal misali, suna gargaɗin junansu game da santsi ko motar da ta kunna fitilar haɗari. Saƙon yana tafiya nesa, sai dai dole a sami sabis, kuma bai kai saurin da birkin gaggawa yake bukata ba.

Ni dai a ganina, ƙasar da za ka tuƙa motar ita ce za ta zaɓar maka. In motocin da ke kewaye da kai da fitilun mahaɗa ba su da irin na'urarka, ka sayi kunnen da ba mai yi masa magana. Idan kuɗin ba zai ɗauki duka ba, gara ka zuba shi a birki mai kama kansa, wanda ke aiki da kyamara da na'urar rada (radar) ko da motar gabanka tsohuwar kwarakwasa ce. Ka kuma sa dillalin ya nuna maka a takardar motar ko akwai kuɗin rajistar wannan na'urar da za ka riƙa sabuntawa.